An Yi Sallama, Babu Kowa a Ƙofa

Ranar 9 ga Nuwamba, 2022, mutanen Kuala Lumpur suka wayi gari an rufe tashoshi 16 na layin jirgin ƙasa na Kelana Jaya, tun daga tashar Kelana Jaya ɗin har zuwa Ampang Park. Ba gada ce ta karye ba, ba ambaliya aka yi ba. Jiragen wannan layi ba su da matuƙi tun da aka buɗe shi a 1998. Kwamfuta ce ke tuƙa su, ita ke sanin inda kowanne yake, ita ke ba shi izinin tashi. To ita ce ta shiga wasa da hankalin mutane kwana da kwanaki: ta rikice, a lallaɓa ta dawo, a ce alhamdu lillahi, gobe da yamma ta sake. Kamfanin Prasarana ya ga ba zai ɗora rayukan jama'a a kan abin da ba shi da tabbas ba, ya dakatar da zirga-zirga, aka kirawo ƙwararrun kamfanin Thales daga Kanada, sai ranar 14 ga watan aka sake buɗewa. Ɗalibanmu da ke Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa a Gombak, inda layin ya tuƙe, sun ji jiki a wannan mako idan za su shiga gari.

Na'urar jirgin ƙasa daban take da kwamfutar da ke kan teburinka, amma ga mai neman bakin zare ciwon iri ɗaya ne, kuma shi ne mafi wuya a duk sana'ar: matsalar da ke zuwa ta tafi, ba ta barin hayaƙi, ba ta barin ƙauri. Abin da ya ƙone kowa zai iya canza shi. Wanda nake so in yaba a nan shi ne mutumin da za a ajiye wa na'urar da ta ƙame ƙam, babu rubutu a allo, babu ƙara, ya zauna da ita har sai ta faɗa masa abin da ya same ta.

Duk wanda ya taɓa hawa benayen Plaza Low Yat a unguwar Bukit Bintang, kasuwar kayan kwamfuta da aka buɗe a 1999, ya san yadda ake yi. Can sama masu gyara suke, kowa da ɗan tebur da fitila da abin walda, kamar dai namu na titin Beirut a Kano, sai dai su da na'urar sanyaya ɗaki. Ka kai kwamfutar da ke sandarewa, amsar da za ka fi ji ita ce a yi mata fomat, in ta ƙi a canza ram, in ta ƙi a canza madabod. Ban ga laifinsu ba, mai kaya yana tsaye yana duba agogo. Amma wannan ba gano ciwo ba ne, canje-canje ne har a dace. Abin da ke ba ni mamaki shi ne Maleshiya na cikin ƙasashen da suka fi kusa da tushen abin. Tun 1972 Intel ya kafa masana'antarsa ta farko a wajen Amurka a Bayan Lepas, tsibirin Penang, AMD ma ya bi sahu, kuma har yau babban kaso na ƙananan ƙwaƙwalen lantarki na duniya a Maleshiya ake haɗa su a gwada su. Duk da haka masu iya bin ciwo har cikin kanel ƙalilan ne, a can da nan da ko'ina.

Kanel shi ne ƙashin bayan babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, shi ke tsakanin ƙarfe da sauran manhajoji. Windows na da nasa. Wanda zan fi magana a kai shi ne Linux, don a buɗe yake kowa na iya karanta cikinsa, kuma shi ne a cikin kowace wayar Android da ke aljihunmu. Aikin kanel da furosesa kuwa kamar na maigida ne da ke zaune a zaure yana lissafinsa. Ba ya tashi kowane minti ya leƙa ko wani ya zo. Mai buƙata shi ke sallama. Ka danna harafi a kibod, kibod ya yi sallama. Saƙo ya iso ta intanet, katin sadarwa ya yi sallama. Agogon ciki kuwa sau ɗaruruwa yake yi a kowace daƙiƙa. Furosesa ya ajiye abin da yake yi, ya tuna inda ya tsaya, ya amsa, ya koma. Wannan shi ne kiran katse-hanzari, kuma kowane kira na da lambar layinsa, abin da ake rubutawa IRQ. A kwamfutar da ke aiki sosai, dubbai ake yi a daƙiƙa guda ba ka sani ba.

To wani lokaci sai a yi sallama, maigida ya fito, babu kowa.

Tsohon misalin wannan ya girmi yawancin masu gyaran yau. Kwamfutar IBM ta 1981 tana da wata 'yar aisi ta Intel mai lamba 8259A, aikinta karɓar kira daga layuka takwas, 0 zuwa 7, ta jera su bisa muhimmanci ta miƙa wa furosesa. Layi na 0 na agogo ne, na 1 na kibod, na 7 na firinta. A 1984 aka ƙara ta biyu, aka rataya ta a layi na 2 na ta farkon. Ga yadda kiran bogi ke faruwa. Wata na'ura ta ɗaga layinta, ko kuma wata 'yar girgizar lantarki ta ɗaga shi. Aisin ta ce wa furosesa akwai baƙo. Furosesa ya ce to, wane ne? A ɗan tsakanin nan, wanda bai kai ƙiftawar ido ba, sai layin ya sauka. Yanzu aisin ta shiga uku: an tambaye ta, dole ta ba da lamba, kuma babu mai kira. Sai ta ba da 7, lambar da ta fi kowace ƙasƙanci. Shi ya sa shekara da shekaru mutane ke ganin rubutun "spurious 8259A interrupt: IRQ7" a kundin Linux, su tashi su zare wayar firinta, wasu ma ba su taɓa mallakar firinta ba.

Dubi dabarar da aka yi a nan, don ita ce sana'ar a taƙaice. Aisin na da wata rajista da take rubuta kiran da ake cikin amsawa. Idan kiran gaske ne, gurbi na 7 zai nuna alama. Idan na bogi ne, fayau yake. Don haka kanel ba ya gaskata lambar da aka ba shi, sai ya leƙa rajistar. In ya ga babu komai, a ƙa'ida sai ya juya abinsa, kuma ba zai aika saƙon "na gama" ba, domin in ya aika, aisin za ta iya share wani kiran gaske da ke kan layi, wata na'urar da ba ruwanta ta rasa amsa. Idan kuma bogin daga aisi ta biyu ya fito, lambar 15 za a gani, a nan sai a aika "na gama" ga ta farkon kaɗai, don ita dai tsakani da Allah ta ga an ɗaga mata layi na 2. Linux yakan buga wannan gargaɗi sau ɗaya, sauran ya riƙa ƙirga su shiru. Gwani na ganin wannan rubutu ya wuce, ya san ba shi ke kashe na'ura ba. Sanin abin da za a ƙyale rabin aikin ne, kuma shi ne rabin da ba a koyo sai da shekaru.

Kiran da ke kashe na'ura shi ne wanda ba ya dainawa. Da aka zo zamanin katunan PCI, na'urori sun fi layuka yawa, sai aka sa biyu ko uku ko huɗu su yi tarayya a layi guda. Ƙa'idar kuwa ita ce mai kira zai riƙe layin a ɗage har sai direbansa, wato 'yar manhajar da ta san harshensa, ta zo ta sallame shi. Idan kira ya zo, kanel zai bi direbobin da suka yi rajista a wannan layi ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya duba na'urarsa ya ce nawa ne ko ba nawa ba ne. Yanzu a ce duk sun ce ba nasu ba ne. Layin na nan a ɗage. Furosesa na komawa kan aikinsa za a sake kiransa, ya sake zagayawa, a sake cewa ba namu ba ne, haka dai ba iyaka. Daga waje sai ka ce kwamfutar ta mutu, alhali ba ta taɓa yin aiki kamar na wannan lokaci ba, fanka na ihu, jikinta ya ɗau zafi.

Maganin da Linux ya yi wa wannan akwai hikima, akwai kuma zalunci. Yana ƙirgawa. A cikin kowane kira 100,000 a layi guda, idan fiye da 99,900 babu wanda ya amsa, sai ya rubuta cewa an yi kira a layi kaza "nobody cared", ba wanda ya kula, ya jero sunayen direbobin da ke layin, sannan ya toshe layin ɗungurungum. An bar ragowar 100 ɗin ne don ana sane da cewa wataƙila akwai na'ura mai lafiya da ke tarayya da mai laifin. Bayan toshewar ba a yasar da ita gaba ɗaya, kanel zai riƙa leƙa ta da kansa sau goma a daƙiƙa. Na'urar da ta saba a amsa mata nan take, yanzu sai ta jira zagaye. Kwamfuta ta tsira daga ƙamewa, amma ta koma tafiyar hawainiya.

Na ga an warware irin wannan a wani ɗan shago a wajajen Chow Kit a Kuala Lumpur, inda wata tsohuwar kwamfuta ke naɗar hotunan kyamarorin tsaro. Takan yi sa'o'i lafiya, can sai linzami ya fara jan ƙafa, kibod ya riƙa haɗiye haruffa. Mai shagon ya riga ya sayi sabon linzami da sabon kibod. Wanda aka kira wani bazazzage ne da ya yi karatu a can ya zauna yana aiki, tare da wani ɗalibi ɗan Katsina da ke biye da shi yana koyo. Bai taɓa sukurdireba ba tukuna. Ya buga dmesg, umarnin da ke nuno abin da kanel ya rubuta tun tashinsa, ga shi nan ƙuru-ƙuru: layi na 16 ba wanda ya kula, an toshe, kuma sunan da ke ƙasa na direban USB ne.

Yaron ya ce, "Malam, ai ga shi nan, USB ɗin ce ta lalace."

Ya ce masa, "A'a ƙanena, sake dubawa. Wannan sunan wanda aka tambaya ne ya ce ba shi ba ne. Mai kiran ba ya cikin jerin, da yana ciki ai da ya amsa."

Wannan magana ita ce ta raba gwani da ɗan koyo, don mafi yawan mutane a nan suke barin jaki su doki taiki. Ya buga lspci ya jero duk abin da ke maƙale da madabod, da layin da aka ba kowanne. Sai ga katin kyamarorin, ashe fuska biyu gare shi, ɓangaren hoto da ɓangaren sauti, kuma na sautin babu direban da ya ɗauke shi, yana kuma zaune a layi na 16. Ko a nan bai yanke hukunci ba. Ya kashe na'urar, ya zare katin ya mayar da shi wani rami, bai taɓa komai ba ban da wannan. Washegari ƙorafin ya tashi daga 16 ya koma wani layi, linzami kuwa garau. Ciwon ya bi katin. Sannan ne ya yarda.

Akwai kalmomin da ake ba kanel lokacin tashi, irin su irqpoll, noapic, pci=nomsi da acpi=off, kuma ɗan koyo na haddace su kamar laƙani, ya zuba su duka lokaci guda, in na'ura ta tashi ya ce ya gyara. A wurin gwani kowace ɗaya tambaya ce. In na hana amfani da sabon tsarin rarraba kira ciwon ya tafi, to a can yake. In na ƙi bin teburin da BIOS, manhajar da ke zaune cikin madabod, ya ba ni ya tafi, to teburin ne ke ƙarya, kuma BIOS na ƙarya fiye da yadda masu sayar da kwamfuta za su so a sani. Ɗaya ake gwadawa, a rubuta sakamako, a cire, a gwada ta gaba. Wanda ya bar acpi=off ya tafi gida ya bar wa mai kaya laftof da ba ta san batirinta ya kusa ƙarewa ba.

Wani lokaci ma mai laifin ba kati ba ne, madabod ɗin ne da kansa. A wasu manyan sabobi an gano cewa idan kanel ya rufe layi na ɗan lokaci a ɗaya daga cikin masu rarraba kira na gefe, sai kayan cikin madabod su ɗauka ai tsohuwar manhaja ce da ba ta san sabon tsari ba, su yi mata alheri su karkatar da kiran zuwa wani tsohon layi. A can kuwa babu mai jiransa, sai a yi ta ƙirga shi a matsayin bogi har a toshe layin wasu bayin Allah. Injiniyoyin kamfanin SUSE ne suka sa wa Linux maganin wannan a 2008, aisi bayan aisi. Tsarin MSI, inda na'ura ke aika kiranta a rubuce da lambarta ta kanta ba tare da tarayya da kowa ba, ya rage wannan fitina ƙwarai. Sai dai bai kashe ta ba, ya sauya mata gida ne. Yau a laftof an fi ganinta a ɓangaren kula da wuta da zafi, inda wani kira na ACPI zai yi ta zuba dubbai, furosesa guda ya ƙare a kansa, batir ya zube kafin azahar. Mai nema zai buɗe /proc/interrupts, ko takwaransa na ACPI, ya karanta, ya jira daƙiƙa biyu ya sake karantawa. Lambar da ta yi tsalle alhali ba a taɓa komai ba, ita ce.

Ƙamewa kuwa ba iri ɗaya ba ce, kuma tambayar farko ita ce wa ya mutu. Gwani zai danna Caps Lock ya ga ko 'yar fitilar ta kama. In ta kama, kanel na da rai, allon ne kawai ya tsaya. Zai aika mata ping daga wata kwamfutar. Zai danna Alt da SysRq da harafin l, wanda ke sa kanel ya faɗi abin da kowane furosesa ke yi a wannan lokaci, ko harafin w ya jero ayyukan da suka maƙale suna jira. Duk wannan kafin a taɓa maɓallin kashewa, domin mai danna maɓallin nan da gaggawa ya share shaidar da wataƙila sai bayan mako za a sake samu.

A cikin kanel ɗin ma an ajiye masu gadi. Na farko yana lura ko wani furosesa ya shafe daƙiƙa 20 yana juyi a wuri guda bai ba sauran ayyuka dama ba, sai ya rubuta "soft lockup", da lambar furosesan da tsawon lokacin. Wannan mai gadi da kiran agogo yake aiki. To idan ƙamewar ta kai har an toshe kunne daga kiran agogon fa? Sai aka sa na biyu, mai amfani da NMI, wani kira na musamman da furosesa ba shi da ikon ƙin ji. Shi aikinsa ya duba ko ƙirgen agogo na gaba. In ya tsaya daƙiƙa 10, ya shelanta "hard lockup". Na uku yana kula da aikin da ya kwanta jiran faifai ko wata na'ura har daƙiƙa 120 bai motsa ba. Kowannensu in ya yi magana yakan zo da jerin sawu: wannan aiki ne ya kira wannan, shi kuma ya kira wancan, har zuwa inda aka tsaya. Karanta wannan jeri fasaha ce mai zaman kanta, saboda sunan da ke sama sau da yawa na wanda ke jira ne. Wanda ya riƙe abin da ake jira yana can a wani furosesan, sai an bi an nemo shi.

Ga wadda ta fi kowace kyau a idona, in ana iya kiran masifa da kyau. Direba na da wasu bayanai da bai kamata hannu biyu su taɓa lokaci guda ba, sai ya sa musu makulli. Wani sashe na direban ya karɓi makullin ya fara aiki. Yana tsaka da haka sai na'urarsa ta yi kira, a kan furosesan nan dai. Furosesa ya dakatar da mai makulli, ya shiga sashen amsa kira, shi kuma wannan sashe abu na farko da yake nema shi ne makullin. Zai tsaya yana jira a sake shi. Wanda zai sake shi kuwa shi ne aka dakatar, kuma ba zai ci gaba ba sai mai jiran ya gama. Shi ke nan, har tashin ƙiyama. Tazarar da wannan zai iya faruwa a cikinta ba ta wuce 'yan kashi cikin miliyan na daƙiƙa ba, don haka na'ura na iya shekara ba ta faɗa ba, wata kuma ta faɗa sau uku a yini. Gyaran kalma guda ne, a karɓi makullin tare da toshe kira na ɗan lokacin. A 2006 Ingo Molnar da abokan aikinsa suka shigar da lockdep cikin Linux 2.6.18, wani mai sa ido da ke lura da yadda ake karɓar kowane makulli. Ba ya jiran a ƙame. Da zarar ya ga an taɓa karɓar makulli ɗaya a cikin amsa kira, an kuma taɓa karɓarsa a waje kunne a buɗe, sai ya yi ƙara, ko da abin bai taɓa faruwa ba. A ganina kaɗan ne cikin kayan aikin injiniya suka kai wannan wayo.

Matsalar ita ce na'urar da ta ƙame da gaske ba ta iya rubuta wasiyyarta a faifai, don rubutun ma sai da kira. Ka tayar da ita ka buɗe kundi, ka ga komai lafiya har zuwa daƙiƙar ƙarshe, sai fari fat. Nan ne ake gane masu haƙuri. Su kan ja tsohuwar wayar siriyal zuwa wata kwamfuta, don ita wannan hanya ba ta buƙatar komai sai furosesa ya tura harafi ɗaya-ɗaya. In babu ramin siriyal, a sa netconsole ya riƙa watsa kowane layi ta kebul ɗin sadarwa. A manyan cibiyoyin ajiyar bayanai irin na Cyberjaya a Maleshiya akan tanadi kdump, wato a ɓoye ƙaramin kanel na biyu a gefen ram, in babban ya faɗi ƙaramin ya tashi ya kwashe hoton duk abin da ke ƙwaƙwalwa. Sannan a zauna jira. Wani sa'in kwana uku, wani sa'in wata.

Wani sa'in kuma ko da duk wannan babu abin da zai fito. Ƙananan kwamfutoci masu araha da ke ɗauke da furosesan Intel na zuriyar Bay Trail, irin su Celeron N2840 da J1900, waɗanda suka cika kasuwannin kayan gwanjo, sun yi shekaru suna ƙamewa a kan Linux ba tare da barin ko harafi ba. An buɗe rahoton a ƙarshen 2015. Abin da ya fito da bakin zaren lura ce kawai: in aka hana furosesa shiga barci mai nauyi da kalmar intel_idle.max_cstate=1, ƙamewar takan ɗauke. Ashe wajen shiga barcin nan na tattalin batir da farkawa daga gare shi ne abin ke faruwa, inda babu mai gadin da ke a farke. Farashin maganin batir ne da zafi. Mutane da yawa sun biya, don ya fi a rasa aikin yini.

Kada a manta da ƙarfen kansa. Kuala Lumpur na cikin biranen da aka fi tsawa da walƙiya a duniya, ga laima shekara duka tana cin ƙafafun aisi. Mu kuma namu ƙurar hunturu ce da janareta da wutar da ke zuwa da ƙarfinta ba sallama. Akwatin wuta da ya tsufa, ko kafasito da ya kumbura, na iya haifar da kiran bogi da ƙamewar da za ka rantse laifin manhaja ne. Shi ya sa mai hankali kan bar gwajin ram ya kwana yana gudu, ya ari wani akwatin wutar ya gwada, kafin ya zargi mutanen da suka rubuta kanel.

Akwai kuma ranar da babu ƙarfen da ya yi laifi ko kaɗan. A daren 30 ga Yuni, 2012, masu kula da agogon duniya suka ƙara daƙiƙa ɗaya don daidaita shi da juyawar ƙasa. A Kuala Lumpur ana gab da ƙarfe 8 na safiyar Lahadi ne, a Kano ana gab da 1 na dare. Nan take dubban sabobin Linux a faɗin duniya suka haukace, furosesa ya cika maƙil. Reddit da Mozilla sun taɓu, tsarin Amadeus na tantance fasinjoji ya tsaya har jiragen Qantas suka yi jinkiri a Ostireliya. Dalilin shi ne an ja agogo baya da daƙiƙar, amma ba a sanar da sashen da ke kula da ƙananan ƙararrawar lokaci ba. Sai duk manhajar da ta ce a tashe ta bayan rabin daƙiƙa a tashe ta nan take, ta sake nema, a sake tashinta. Java da MySQL suka fi shan wahala. Waɗanda suka natsu suka duba sun gano cewa ba sai an kashe saba ba: ka umarce ta ta saita agogonta zuwa lokacin da yake nunawa yanzu, shi ke nan, sanarwar da aka manta ta tafi, komai ya lafa. John Stultz ne ya rubuta gyaran dindindin a kwanakin da suka biyo.

In duk hanyoyi sun toshe, saura tambaya guda: da can tana yi? Idan tsohon kanel lafiya yake sabon ne ke ƙamewa, to a tsakaninsu wani ya canza wani abu. Tsakanin fitowa ɗaya da mai bi mata akan sami canje-canje fiye da 10,000. Umarnin git bisect, wanda Linus Torvalds ya samar tun 2005, yana raba su biyu, a gina kanel daga tsakiya a gwada, a ce masa lafiya ko ba lafiya, ya sake raba rabin da ya rage. Da gwaji kamar 14 za a tsaya a kan canji ɗaya tak, da sunan wanda ya yi shi da ranar. A takarda abin sauƙi. A aikace, idan ciwon sai ya kwana biyu yake tasowa, "ba lafiya" kaɗai ce amsar da ake da yaƙini a kanta. "Lafiya" na iya zama ba ka jira sosai ba ne, kuma kuskure ɗaya a mataki na huɗu zai kai ka ƙofar wanda bai san hawa ba bai san sauka ba bayan wata guda kana gini. Don haka gwanaye kan fara da neman abin da zai tsokano ciwon da wuri, su ɗora wa na'urar lodi, su yi ta sa ta barci suna tashinta, su cika layin sadarwa da saƙonni, har kwana biyun ya dawo minti goma. Daga nan ne suke fara rabawa. Rahoton da suke aika wa mai kula da wannan sashe na kanel kan ƙunshi samfurin madabod, lambar BIOS, jerin sawun da aka kamo ta siriyal, da lambar canjin da ya jawo abin. Gyaran da ke dawowa sau da yawa bai wuce layi uku ko huɗu ba.